SAWUN MAZO

Shafi na 23

Salamu alaikum jama'a. Masu turo saƙo wai na yi shiru, duk na gani. Ga shi nan. Masu cewa in tausaya wa Munira kuma, ku karanta tukuna.

*

Rana ta take tsaka, irin ta bazara da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga.

Masu ƙidayar namun daji sun dawo daga gandu, sun zube a gindin ɗorawar da ke bayan firamaren Unguwar Baka, can gaba da Maruta, inda aka ba su aron aji ɗaya suna ajiye kaya.

Su uku suka rage. Hajiya Raliya shugabarsu, wadda ƙungiya ta turo daga Kano, sai 'yan sa kai biyu, Munira da Taufiq. Sauran duk sun tsere tun da suka gane babu albashi, sai ƙaya da cizon ƙuda.

Su biyun nan ma ba don daɗi suka tsaya ba. Munira ta yi karatun gandun daji, takardarta mai kyau, amma duk ofishin da ta shiga tambayar ɗaya ce: kin taɓa aiki a daji? Ta ce a'a, a ce ta je ta samo gogewa. To a gidan wa za ta samo in ba a ɗauke ta ba? Shi ya sa ta yarda da aikin kyauta. Kuma Hajiya ta faɗa da bakinta, in an gama ƙidayar nan mutum ɗaya za ta tafi da shi ya zama ma'aikacin ƙungiya.

Ko ita, ko Taufiq ɗan Birnin Kudu, wanda ubansa ke da motocin haya, in bai samu ba ma ba zai kwana da yunwa ba.

A satin da ya wuce Munira ta sha gabansa. Ita ta ga wani sawu a bakin ɗan tafkin da bai ƙafe ba, ta ɗauki hotonsa a waya, washegari ta ce wa Hajiya sawun mazo ne. Mazo, barewar kurmi mai jan jiki da fararen ɗigo, wanda kowa ya ce ya ƙare a dajin nan tun zamanin soja. Hajiya ta auna sawun ta ce gaskiya ne, ta ɗaure kyamara a jikin bishiya. Amma ta ce sawu ba hujja ba ne, manyanta ba za su yarda ba sai an ga dabbar.

Kyamara kuwa har yau sai birai da shanun makiyaya take ɗauka.

Taufiq ya cire takalminsa yana kaɗe ƙasa.

"Malamar sawu, yau ma mazon naki bai zo ɗaukar hoto ba. Ko kunya yake ji?"

"Kai dai ka ji da biranka, tun da su ka iya ƙirgawa."

"Gara biri, ana ganinsa."

Hajiya ta ce, "Ku rufe min baki, kaina ciwo yake."

Sai ga Inna Mero, matar Bappan Munira, ɗauke da samira a ka, kula a hannu. Ita take dafa musu abincin rana tun zuwansu.

"Sannunku da rana, Hajiya."

"Yauwa Inna, sannu da ɗawainiya."

"Yau ba tuwon da kuka saba ba ne," in ji Inna tana murmushi har kunne.

Ta buɗe kula. Farfesu ne, ya sha masoro da kanumfari, tsoka manya-manya.

Taufiq bai jira an ce bismillah ba, ya kai hannu.

"Inna, suna aka yi ba a gayyace mu ba? Wannan ai rago ne guda!"

"Ci dai, ɗan nan."

Hajiya ma ta ɗauki tsoka ɗaya, ta ƙara ta biyu.

"Naman nan babu kitse, ga shi ya dahu. Allah ya saka da alheri, Inna."

Munira ta kai yanka ɗaya bakinta. Ba ta tauna ba.

A gidan maharbi ta tashi. Naman da ya ci dusa daban, wanda ya ci ganyen kurmi daban, ko an zuba masa kayan yajin kasuwar Gwaram duka ba ya ɓuya.

Ta fito da shi a hankali ta riƙe a hannu, ta tashi ta bi Inna Mero da ta koma gefe tana gyara gammo.

"Inna, naman me ne?"

"Ke dai ki ci."

"Inna, don girman Allah."

"Kai, yarinyar nan! Bappanki ya ce kar in ɓata masa albishir. Cinya guda ya ware ya ce ta manyan baƙi ce. Ko ɗanɗanawa ban yi ba sai gishiri."



A gidan su Munira ba a ware cinyar zomo. Ba a ware ta gada. Sai babban nama, wanda maharbi zai yi shekaru bai samu irinsa ba, shi ake cire wa cinya a aika wa mutumin da ake girmamawa kafin mai gida ya sa a baki.

"Yaushe ya shiga daji?"

"Tun shekaranjiya yake kwanto. Yau da asuba Allah ya ba shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ke lafiya? Abin arziki kike wa salati?"

Kafin ta ba da amsa, hayaniya ta taso daga bakin makarantar.

Bappa Iliyasu ne, Sarkin Bakan garin, ƙanen mahaifinta. Shi ya riƙe ta tun ranar da aka binne ubanta, shi ya kai ta makaranta, kuma da dangi suka taso wai mace ba ta shiga daji, shi ya tsaya a ƙofar gida ya ce duk mai magana ya zo ya faɗa masa a ido.

Ya sa rigar farautarsa mai layu, wadda ba ya sa wa sai babbar rana. Bindigar toka a kafaɗa, buhu a hannu. Dattawa uku na biye da shi, bayansu 'yan kallo.

Munira ta ruga ta tare shi.

"Bappa, don Allah ka koma. Mu je gida mu yi magana."

"Matsa, 'yata. Yau ranarki ce."

"Bappa..."

Ya kauce mata kamar ya kauce wa kaza, ya isa gindin ɗorawa ya yi sallama da ƙarfi.

Hajiya ta gyara mayafi, ƙashi na hannunta.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga shi muna ta cin arzikinka."

"Ya yi daɗi?"

"Ƙwarai kuwa."

"Alhamdu lillahi."

Ya juya ya dubi dattawa, ya gyara murya.

"Hajiya, kin baro Kano kin zo garinmu kina shan rana, ba ki raina mu ba. Kin ɗauki 'yata kina koya mata aiki. Na ji labari wai ta faɗi magana, manyanki sun ce ba su yarda ba sai sun gani. To mu a gidanmu maharbi ba ya rantsuwa. In aka yi masa musu, fata yake shimfiɗawa."

Ya zazzage buhun.

Fata ja, da fararen ɗigo a jere har cinya, ko bushewa ba ta yi ba. Sai kai, da ƙaho biyu a murɗe, ido a buɗe. Nan take ƙudaje suka taru.

"Ga shi nan. A kai musu. Wanda ya ce akuya ce ya zo ya same ni."

Dattawa suka ce, "Sai Sarkin Baka! Namijin duniya!"

Hajiya Raliya ta dubi fatar. Ta dubi ƙashin da ke hannunta. Ta sake duban fatar.

Ƙashin ya faɗi ƙasa.

Ta miƙe da sauri ta zagaya bayan ɗorawa, sai aka ji tana kelaya amai.

Bappa ya yi sororo.

"A'a! Ku gaya mata halal ne. Kafin ya cika na same shi, da bismillah na yanka."



Hajiya ta dawo tana goge baki da gefen mayafi. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta ɗaga ba.

"Baba, me ka yi?"

"Abin da kuke nema na kawo."

"Da rai muke nemansa."

"Da rai? Ki yi me da shi? Kiwo za ki yi?"

"Mu nuna yana nan. In akwai mazo a dajin nan, hukuma za ta hana masu gawayi sare kurmin. Abin da ya kawo ni ke nan."

"To ai yanzu kin san yana nan."

Taufiq ya tofar da yawu ya ce, "Yana nan kam, a cikin cikinmu."

"Kai, yi min shiru!" in ji Hajiya. Ta koma kan Bappa. "Nawa ka gani?"

"Shi kaɗai. Tsohon namiji ne, dubi ƙahonsa."

"Babu mace? Babu ƙanana?"

"Ban ga sawun kowa ba sai nasa."

Hajiya ta zauna a kan tushen ɗorawa ta dafe kai.

Ɗaya daga cikin dattawan ya matso kusa da Bappa yana raɗa, "Sarkin Baka, kamar fa ba a yi murna ba."

"Ina gani," in ji Bappa.

Taufiq ya wanke hannunsa tsaf, ya yarfe, sannan ya ce,

"Hajiya, ina da tambaya ɗaya."

"Ba yanzu ba."

"Yanzu ne lokacinta. Ranar da muka zo garin nan, Baba da bakinsa ya ce mana rabonsa da ganin mazo tun yana saurayi. Haka ne ko ba haka ba, Baba?"

Bappa ya dube shi sama da ƙasa. "Haka ne. Sai aka yi yaya?"

"Dajin nan daga nan har bayan Zandam ne. Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai gan shi ba, ya aka yi cikin sati ɗaya ya je kai tsaye bakin tafkin da muka ɗaure kyamara? Mu uku muka san wurin. Ni dai ban faɗa ba. Ke ma na san ba ki faɗa ba."



Duk mai bin labarin nan ya san dokar farko da Hajiya ta kafa. Duk inda aka ga alamar dabba, ba a faɗa wa kowa, ko uwar da ta haife ka. Wanda ya faɗa ya bar aikin, kuma ba za ta taɓa shaidarsa a ko'ina ba. Harkar nan kuwa ƙarama ce, kowa ya san kowa. In Hajiya Raliya ta ce ba ka da amana, ka nemi wata sana'a.

Hajiya ta ɗago kai.

"Munira."



Bappa ya dubi fuskar Munira. Bai yi boko ba, amma ba a yi masa bayani sau biyu. Nan take ya gane ramin da ya haƙa, da wanda zai faɗa ciki.

Sai ya kece da dariya.

"Kai yaro, ka san da wa kake magana? Ni ne Sarkin Baka. Tun ubanka bai sayi taya ba nake yawo a dajin nan. Sai yarinyar da na yi wa wanka ce za ta nuna min hanya? Ƙafata ce ta kai ni."

"Amma ka ce ka ji labarin an yi mata musu," in ji Taufiq.

"A bakin rijiya na ji. Garin nan akwai abin da yake ɓuya?"

Hajiya ta ciro wayarta.

"Baba, gandun hukuma ne, an hana harbi a ciki, kai ma ka sani. Dole in kira malamin daji. In na ɓoye, ni ma na zama mai laifi, ga shi har na ci."

Ta kira. Ya ce yana Maruta, ga shi nan tafe.

Ta kashe wayar ta dubi Munira, ba ta dubi kowa ba sai ita.

"Ki saurare ni da kyau. In farautarsa ce kawai ta kai shi, to tsakaninsa da hukuma ne, babu ruwana, ke kuma babu abin da ya shafi aikinki. In kuwa daga wajenmu maganar ta fita har ya ɗauka taimako yake yi, to laifin namu ne, zan roƙar masa sassauci iyakar iyawata. Amma wanda ya fitar da maganar ya gama aiki da ni. Ki yi tunani kafin mutumin nan ya iso."

Bappa ya kama hannun Munira.

"Zo nan."

Ya ja ta bayan aji, inda babu kowa sai tsohon allo da aka jingine.

Tana zuwa ta fashe da kuka.

"Bappa, me ya sa? Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Share hawayen nan, ana jin ki."

"Tambayarka kawai na yi! Hoto na nuna maka na ce sawun me ne wannan. Ban ce maka ga wurin ba!"

"Sai kin ce? Saiwar kanyar nan da ta fasa dutse tana cikin hoton. A nan ubanki ya koya min ɗana tarko."

"To sai ka je ka harbe shi?"

"Ke kika zauna a tsakar gida kika ƙi cin tuwo. Kika ce in ba a ga dabbar nan ba ɗan mai mota za a ɗauka. Na ce a raina, ina da rai, ina da bindiga, 'yar Yaya za ta rasa aiki saboda nama ɗaya?"

"Ba haka ake yi ba, Bappa. Aikin namu ba haka yake ba."

"Yanzu na sani. Da kin gaya min da rai ake so, da na kwana ina gadinsa."

Ya shafa gemunsa.

"Abin da ya wuce ya wuce. Yanzu ki buɗe kunne. In mutumin nan ya zo, ba ki san komai ba."

"Za su tafi da kai."

"Su tafi da ni."

"Za su ƙwace bindigar Kaka."

"Ƙarfe ne da itace."

"Za su kai ka kotu a Gwaram, a gaban mutane, da furfurarka!"

"Kotu ba lahira ba ce. Ana shiga ana fita."

"Hajiya ta ce in na faɗi gaskiya za ta roƙa maka."

Ya yi tsaki.

"Roƙo! Ke yarinya ce. Kin taɓa ganin an kama mutum da fata a hannu roƙo ya sake shi? Ni na riga na shiga. Abin da ya rage shi ne ko in shiga ni kaɗai, ko mu shiga mu biyu a banza."

"To in zauna a ofis ina cin albashi, na san da ƙarya na samu? Na san kai ka biya?"

"Wace ƙarya? Ba ke kika ga sawun ba? Ba ke kike tashi da asuba kina shiga ƙaya ba, shi wancan yana shafa mai a ƙafa? Hakkinki ne."

"Ko sunan dabbar ma kai ka gaya min. Na je na faɗa kamar ni na sani."

"To sai me? Ilimin gidanku ne. Wa ya hana shi ya tambayi ubansa?"

"Bappa, ba zan iya ba."

Ya matso har tana jin warin albarushi a rigarsa.

"Munira, dube ni. Dangi sun ce na lalata ki da boko. Sun ce na saki mace a daji kamar akuya. Na shanye duka, don ina jiran ranar da za ki dawo garin nan da motar aiki in ga bakin da zai sake magana. In kika buɗe baki yau, kin mai da ni abin dariya sau biyu."

"Bappa..."

"Ban taɓa ce miki wannan ba tun da nake. In kika faɗa, ban yafe miki ba."

Ta ja da baya kamar an watsa mata ruwan zafi.

Shi kuwa ya gyara hularsa ya fita, ya bar ta nan.

Ƙarar mashin ta cika filin makarantar.

Malamin daji ne cikin kakinsa, da wani ɗan sintiri a baya. Gajere ne mai tumbi, ba ya dariya. Ya sauka ya gaisa da Hajiya, ya tsuguna ya juya fatar, ya ɗaga ƙahon ya duba.

"Wa ya harba?"

"Ni," in ji Bappa.

"A ina?"

"A cikin gandu."

"Ka san an hana?"

"Na sani."

"Kawo bindigar."

Bappa ya sauke ta daga kafaɗa. Ya ɗan riƙe ta kaɗan, ya goge bakinta da hannun riga, sannan ya miƙa.

Inna Mero ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Daga kawo wa baƙi nama? Hajiya, ba ke kika ce ya yi daɗi ba?"

Hajiya ta kau da kai.

Dattawan da suka yi kirari ɗazu sun koma bayan 'yan kallo, ɗaya ma ya zame ya tafi.

Malamin daji ya ce, "Wani ya kai ka wurin, ko ya kwatanta maka?"

"Babu."

"Ka tabbata?"

"Na yi kama da wanda ake ja wa gora?"

Ɗan sintiri ya ciro igiya daga aljihu.

Malamin daji ya ce, "Miƙo hannu, Baba. Ba don raini ba, ƙa'ida ce."

Munira ta fito daga bayan aji daidai lokacin da igiyar ta zagaye hannun da ya yi mata ɗawainiya tun tana rarrafe. Ɗan sintirin ya ja ƙulli, fatar tsohon ta tattare.

Taufiq ma ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta ce a hankali, "Munira, akwai abin da za ki ce? In babu, shi ke nan, na ɗauka babu."

Ƙofa ce ta buɗe mata. Kowa ya gane. In ta yi shiru kawai, aikin nata ne.

Bappa ya zuba mata ido, ya girgiza kai sau ɗaya.

Ɗan sintiri ya tura shi wajen mashin. Tsohon ya yi tuntuɓe da samirar abinci, da hannu a ɗaure ya kasa dafa komai, ya kai gwiwa ƙasa. Hularsa ta faɗi. Wani a cikin 'yan kallo ya yi dariya.

"Ku dakata!"

Muryar Munira ce.

"Ke!" in ji Bappa daga ƙasa. "Ke, Munira!"

Ba ta dube shi ba. Ta ciro wayarta, ta buɗe hoton, ta miƙa wa malamin daji da hannu biyu.

"Ni na nuna masa wannan. A jikin hoton ya gane wurin. Ni na ce masa in ba a ga dabbar ba zan rasa aikin. Bai san da rai ake so ba, don ni ya yi. Laifina ne, ranka ya daɗe. Ku kwance shi."

Inna Mero ta daina kuka.

Hajiya Raliya ta lumshe ido, sannan ta ce,

"Kin gama aiki da ni, Munira."

"Na sani, Hajiya. Saura alkawarinki."

Hajiya ta matsa kusa da malamin daji.

"Malam, ka ji yadda abin yake. Kuskuren daga ɓangarenmu ne. Dattijo ne, kuma ba don sayarwa ya yi ba. Ina roƙon a yi masa gargaɗi a bar maganar a nan."

Malamin daji yana ta kallon hoton, ya buɗa shi da yatsa biyu, ya dubi fatar da ke ƙasa, ya sake duban hoton.

Sai ya jefa wayar a aljihun kakinsa ya danne maɓalli.

"Hajiya, da ɗazu ne da an duba. Ɗazu maharbi ɗaya nake da shi, ya yi kuskure. Yanzu kuma ina da 'yar cikin aiki da ta fitar da sirrin gandu, da wanda ya je ya harba, ga hoto, ga shaidu sun cika fili. Wannan ya fi ƙarfina."

Bappa Iliyasu yana durƙushe, bai ɗauki hularsa ba. Ya ɗago ido ya dubi Munira.

"Na gaya miki," ya ce.

Malamin daji ya juya wajen ɗan sintiri.

"Akwai sauran igiya?"